Azumin da Muka Rubuta wa Baba Alluna

Azumin bana ya zo da sauƙi. Akwai rana, amma ba mai gasa mutum ba, kuma yawancin gidajen layinmu sun ɗora sola a kan rufi, ƙanƙara ta daina zama abin da ake fita nema har Tudun Wada. Ranar nan a ofis na zo kashe kwamfuta in tafi gida, sai ta ce in dakata, tana sabunta kanta. Na koma na zauna ina kallon ɗige-ɗigen nan da ke zagayawa, masinja yana tsaye da makulli a hannu yana ta duba agogo. Ban tashi ba sai da ta gama ta mutu don kanta. A cikin napep, a hanyar Ƙofar Gayan, tunanin wani azumin ya zo mini, wanda ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin Baba yana da rai.

Zafin shekarar ba na wasa ba ne. Rijiyar gidanmu ta ja baya har guga yana fitowa da laka, 'yan garuwa kuma sai wanda suka ga dama suke kai wa. Ginin ƙasa da aka san shi da sanyi ya koma yana riƙe zafi, in ka jingina da bango bayan sallar asham ka ji shi da ɗumi. Mangwaro ya cika kasuwa, ƙamshinsa yana bin mai azumi har cikin ɗaki. Kullum da yamma hadari zai haɗu ta wajen Kufena, ya yi baƙi ƙirin, ya yi rugugi, mu kwashe shanya, sannan ya watse ya bar mu da gumi. Taransifomar unguwa ta ƙone tun kafin a ga wata, don haka wutar gidan gaba ɗaya ta rataya a kan wani ɗan janareta da ke ajiye a bayan madafi.

Mu huɗu ne a gidan. Akwai Baba, wanda unguwa ke kira Malam Ilyasu. Akwai ƙanwarsa Goggo Ladi, da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta ta karɓi madafi da mulkin tsakar gida a rana ɗaya. Sai Yaya Mustafa, malamin sakandare, sai ni. Baba ba ya kiran sunana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Uwata yake ce mini, har a lokacin da yake mini faɗa.

Kowane azumi Baba yana tafsiri a zauren gida bayan la'asar. Alaramma Isa ne ke ja masa baƙi, shi kuma ya fassara, ya yi bayani. Maza su cika zaure har waje, mu mata mu zauna a soron ciki, bayan asabari. Littafin da yake karantawa kundi ne na hannu da kakanmu ya kwafa, gefen kowane shafi cike da ƙananan bayanai, wasu da Larabci wasu da ajami. Baba ya ɗauko shi daga Baƙara shekaru masu yawa da suka wuce, kowane azumi ya ɗora daga inda ya tsaya. A wannan shekarar ya shigo izifin ƙarshe-ƙarshe, kowa ya san bana za a sauke.

Abin da unguwa ba ta sani ba shi ne idon Baba ya daɗe yana tafiya. Rubutun kakanmu ya fi ƙarfinsa tun shekaru uku ko huɗu kafin nan. Yaya Mustafa ne ya kai kundin wurin wani abokinsa mai injin ɗaukar takardu, aka ɗauki hoton kowane shafi, aka juya shi ya zama farin rubutu a kan baƙi, aka zuba a wata tsohuwar laftof. Baba ya koyi maɓalli biyu, na ƙara girma da na juya shafi, bai taɓa neman na uku ba. Da ya fara fita da ita zaure mutane suka ce Malam ya shiga zamani, wasu suka yi dariya, wasu suka yi alfahari. Mu dai muka bar su a haka. A birni ba a tsige malami daga buzunsa. Tausaya masa ake yi, a yi ta cewa Malam a huta, a bar wa yara, har ya tashi da ƙafarsa. Baba ya ga an yi wa wasu, kuma ba ya son a yi masa kafin ya kai Nasi.

Batirin laftof ɗin ya mutu tuntuni, sai da wuta take aiki. Saboda haka da la'asar ake tayar da janareta, a ja doguwar waya zuwa zaure, ta ɗauki laftof da lasifika da fanka ɗaya. Kuma akwai doka a gidan, Baba da kansa ya kafa ta: da zarar ladan ya buɗe baki, a kashe inji. Ba a barin ƙarfe yana ihu a kan kiran sallah. Goggo ce ke kusa da shi, ita ke danna maɓallin, ko da hannunta cikin ƙullun ƙosai yake.

Kwanakin farko sun tafi lafiya. Mu tashi sahur, mu ci tuwon jiya da ɗumame, mu sha ruwan randa har ciki ya yi nauyi. Da hantsi a surfa, a jiƙa wake, a kai niƙa. Da azahar gidan ya yi tsit, kowa ya nemi inuwa ya kwanta da mafici. Da la'asar a hura wuta, a dama kunun tsamiya, kunnuwa suna zaure.

Wajen goman tsakiya wani ɗan'uwanmu da ke Kaduna ya roƙi a tura masa hotunan kundin. Laftof ɗin nan ta yi shekaru ba ta ga intanet ba, kuma ba ta taɓa ba kowa matsala ba. Yaya Mustafa ya haɗa ta da wayarsa yayin da inji ke aiki. Hoto ko ɗaya bai tafi ba, data kuma ta ƙare ƙarƙaf, ya yi ta mita bai san abin da ya cinye ta ba. Washegari aka tashi tafsiri dab da magariba, ya shigo da ita tsakar gida, ya sake jona ta da wuta don ya duba shafin gobe, sannan ya danna kashewa. Fuskarta ta koma shuɗiya. Wasu ɗige-ɗige suka fara zagayawa, da rubutun Turanci yana cewa kada a kashe.

Ina jera kofuna a tabarma na ji ya ce, “Afdet take yi, tana sabunta kanta.”

A daidai nan ladan ya fara. Yaya Mustafa ya miƙe da sauri ya nufi bayan madafi.

“Goggo, kar ki kashe tukuna. Minti kaɗan.”

“In bar shi yana ruri ana kiran sallah?”

“Kwamfutar ce take wani aiki, in aka katse ta za ta lalace.”

“To ta jira a sha ruwa, ai ba ta fi mutane ba.”

Ta danna. Gidan ya yi shiru, muryar ladan ta shigo tar. Muka yi addu'a, muka kai dabino baki. Baba ya sha kununsa a hankali, bai tambayi komai ba, ko da yake duk abin da aka faɗa a kunnensa aka faɗa.

Bayan sallah aka sake tayar da inji. Laftof ta kama, ta ce tana gyara kanta, ta yi ta zagaye, ta mutu, ta sake kamawa, ta sake faɗin abin da ta faɗa. Haka ta yi ta yi har Goggo ta ce a tausaya wa man fetur.

Da safe na raka Yaya Mustafa Wusasa wurin wani mai gyara, Bitrus, wanda suka yi makaranta tare. Shagon cike yake da kwamfutoci a jere a ƙasa, kowace da sunan mai ita a manne. Ya ce watan nan ba shi da wani aiki sai gyaran ɓarnar afdet ɗin nan. Wata mata ta kwana kwamfutarta lafiya ta wayi gari ba ta san firintarta ba. Wani ɗalibi sautinsa ya ɗauke. Wani kuma yana zaune a benci ya yi tagumi, furojet ɗinsa na kammala karatu yana ciki.

“Mai sauƙin shi ne in goge komai in zuba sabo,” in ji Bitrus. “Yau ɗin nan ku tafi da ita. Amma hotunan Baba sun tafi ke nan.”

“Hotunan su ne kwamfutar,” in ji Yaya Mustafa.

“To sai haƙuri. Sai na cire faifan cikinta na kwashe su a hankali, ga shi ya tsufa, ga wuta babu. Ba zan yi maka alƙawarin rana ba. Ka gaida Baba, ka ce ina yi masa barka da shan ruwa.”

Abokin nan mai injin ɗaukar takardu ya bar gari tuntuni. Muka gwada ɗaukar shafukan da waya, muka aro laftof ɗin wata abokiyar aikina. Tawadar kakanmu ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, da an ƙara girma sai hoton ya dagule. Baba ya kai fuskarsa dab da gilashin, ya ja baya ya ce a mayar wa mai abu abinta. A ranar aka ce wa mutane Malam ba ya jin daɗi, Alaramma Isa ya yi tilawa kawai aka watse. Kafin isha'i dattawa biyu sun shigo dubiya, kuma dukansu sun ce Malam a riƙa hutawa.

Goggo ce ta fara kawo shawarar da kowa zai kawo. Idonta garau yake, kuma ta san hannun mahaifinsu, don a gabansa ta yi karatu.

“Yaya Malam, in karanta maka mana da safe, ka riƙe.”

“Ladi, ni ba a biya mini karatu. Abin da ban gani ba ba ya zauna mini. Tun ina yaro da wurinsa a shafi nake riƙe shi.”

Ba gardama ba ce kawai, gaskiya yake faɗa, amma akwai gardamar a ciki. Goggo ta tashi ta shiga ɗakin ajiya, muka ji tana ture kaya, ta fito da alluna rungume a ƙirji, na tun lokacin da ake karatun allo a gidan. Ta zube su a tsakar gida, ƙura ta tashi, ta ce mini in je in ɗauki hutu a ofis.

Daga ranar aikin gidan ya sake tsari. Bayan asuba Goggo ta haɗa tawada da gawayi da ƙaro. Yaya Mustafa ya fere mana alƙaluman kara masu faɗin baki kafin ya tafi makaranta. Goggo ta buɗe kundi a kan matashi ta riƙa karantowa ƙasa-ƙasa, kalma-kalma, ni kuma ina rubutawa da manyan baƙaƙe, in na gaji mu yi musaya. Allo ɗaya ba ya ɗaukar fiye da 'yan layuka. Mu jera su a jikin bango su bushe, kuma a zafin nan kafin ka ajiye na biyu na farko ya bushe. Da hantsi Baba ya fito ya zauna inda rana ta fi ƙarfi, don a inuwa ba ya ganinsu. Ya ɗauki allo ya kai shi kusa da hanci, leɓensa yana motsi, gumi yana bin gemunsa yana ɗiga a riga. Mutum mai azumi, mai shekaru irin nasa. Na kan tsaya a bayansa da mafici, in ya lura ya ce, “Uwata, je ki yi aikinki.”

Sannan a wanke alluna, a rubuta bayansu da na gaba. Ruwan wanki ma sai da aka yi masa lissafi a cikin na girki. Kuma ba a zubar da shi ko'ina, tunda ayoyi ne a ciki. Goggo ta riƙa tara shi a kwanon sha, bayan an sha ruwa ta ba Baba ya shafa a ido, sauran a zuba a gindin lemun tsami. Yatsuna suka yi baƙi har sabulu ya daina fitar da shi. Bayana ya riƙe. Ƙosai ya riƙa makara, wata rana ma da gayan kunu muka buɗe baki, ba wanda ya yi ƙorafi. Ban taɓa jin ƙishi irin na kwanakin nan ba, kuma ban taɓa jin haushin wani abu marar rai kamar yadda na ji haushin kwamfutar nan ba.

Da la'asar Baba ya fita zaure da kundin kansa, ya buɗe a gabansa. Mutane suka ce Malam ya koma takarda, dattawa suka ji daɗi, suka ce dama ita ce asali. Yana magana daga abin da ya gani da safe, yana sunkuyar da kai kamar mai dubawa. Ta tsakanin asabari na ga Alaramma Isa yana miƙa hannu yana juya masa shafi a inda ya dace, ba tare da ya dube shi ba. Ba wanda ya gaya wa Alaramma komai, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Sai dai alluna suka riƙa ƙaruwa. Baba ya ce rubutun ya yi ƙanana, muka ƙara girma. Bayan kwana biyu ya ce tawadar ta yi ruwa, Goggo ta ƙara gawayi har ta yi kauri tana kama alƙalami. Layukan da allo ke ɗauka suka ragu, suka sake raguwa. Muka ɗora laifin a kan alƙalami, muka ɗora a kan tsufan alluna. Yaya Mustafa kullum sai ya biya Wusasa a hanyarsa ta dawowa, kullum Bitrus ya ce saura kaɗan.

Ana cikin goman ƙarshe ruwan farko ya sauka. Da azahar ne, iska ta fara tasowa, muka ruga muna kwashe alluna kada ruwa ya wanke mana aikin safe. Ƙamshin ƙasa ya cika gidan. Goggo ta jera bokitai da robobi a ƙarƙashin indararo, tana ta hamdala. A cikin ruwan nan Yaya Mustafa ya shigo jiƙe sharkaf, da laftof a naɗe cikin leda a ƙarƙashin rigarsa. Bitrus ya ceto hotunan duka, ko ɗaya bai ɓata ba.

Aka tayar da inji, aka kai ta ɗakin Baba. Komai na cikinta ya sauya kama, maɓallan ba sa inda suke, Yaya Mustafa ya ɗan sha wahala kafin ya nemo shafin ranar. Ga farin rubutu a kan baƙi, tas, yadda yake a da. Ya ajiye ta a kan matashi. Baba ya matso.

“Ƙara girma.”

Ya ƙara.

“Ƙara.”

Ya ƙara har kalma ɗaya ta cika gilashin daga gefe zuwa gefe. Daga bakin ƙofa inda nake tsaye ina karanta ta.

“Wannan ba haskenta na da ba ne,” in ji Baba.

“Sabon sistem ne, Baba, sun canja abubuwa. Bari in duba.”

Ya kai hasken ƙarshe. Ya rufe taga, ya sake buɗewa. Baba ya daɗe fuskarsa a jikin gilashin. Sannan ya ja baya ya jingina da bango, ya ce a kashe inji, kada a ɓata mai. Daga baya, bayan ƙaramar sallah, likita ya ce ciwon ya daɗe yana cin idon, da kwamfuta da babu a nan zai ƙare. Goggo ta saurare shi har ya gama, amma har ta bar duniya ba ta yarda cewa ba laifin kwamfutar ba ne.

Washegarin dawowar laftof, bayan asuba, ba wanda ya san abin da za a yi. Goggo ta haɗa tawada kamar kullum, ta buɗe kundi, ta ce in ɗauko allo. Na dube ta. Ta ce, “Rubuta mana, me kike kallo?” Sai dai a ranar ba ta zauna inda muka saba ba. Ta ja tabarma zuwa gindin tagar Baba, kuma ta ɗaga murya, tana maimaita kowane layi sau biyu, wai ni ce ba na ji da kyau. Baba yana kwance a ciki, ya ba taga baya. Na rubuta allunan nan duka, na jera su a bango. Da hantsi bai fito ba, bai kuma ce a kai masa ba. Muka wanke, muka rubuta na gaba. Haka muka yi har kwanakin suka ƙare, kuma ko sau ɗaya ba a ce an biya wa Malam karatu ba.

Ranar rufe tafsiri zaure bai ɗauki mutane ba, aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi, ƙasa da sauran danshi. Soron mata ya cika, ana ta fifita da gefen mayafi. Alaramma Isa ya ja surar ƙarshe. Baba ya fassara, ya kawo bayanin kakanmu na gefen shafi, har da ɗan baitin ajamin da Goggo ta maimaita a gindin taga da safe. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ambaci mahaifinsa da malamansa, aka shafa. Goggo tana kusa da ni, ta sa mayafi ta rufe fuska.

Mutane suka fara matsowa don su gaisa. Baba ya rufe kundin, ya miƙa shi gefen da Alaramma yake. Lasifika tana kunne, don haka har na bakin titi sun ji.

“Jama'a, alhamdu lillahi, an sauke. Mustafa, kana ina? Zo ka kama hannuna. Ba na ganin ƙofa.”

Yaya Mustafa ya ratso mutane ya kama shi, suka taho a hankali, ana janye ƙafafu ana ba su hanya. Na ɗaga musu asabari suka shigo.